Numfashin Baffa Ja'e a Cikin Na'ura

Duk abin da zan manta a wannan sana'a, ban da ranar da Baffa Ja'e ya tsaya a ƙofar situdiyona ta Unguwar Hajji, a nan Ƙaraye, ya ƙi shigowa. Wata Laraba ce a tsakiyar damina, da hantsi. Mutumin da ya yi shekara huɗu yana shiga ɗakin nan kamar nasa, ran nan ya toge a bakin ƙofa da sandarsa, ya ce in fito mu yi magana a waje. Ku da kuke koyon aiki a hannuna kun sha yi mini tsegumi, wai ina ɓata wa mawaƙa lokaci da dogon bayani kafin in kunna na'ura. Ina jin ku, ba kurma ba ne ni. To yau ga dalili, amma sai na ɗan koma baya.

Aikina haɗa sauti. Ga wanda bai san aikin ba, ni ne mutumin da ke zaune gaban kwamfuta: in ɗauki muryar mawaƙi daban, kiɗan kowane makaɗi daban, sannan in jera su, in rage wannan in ƙara wancan, har su zama waƙa guda. Ba a ganin fuskata a bidiyo, ba a kiran sunana a rediyo, amma babu abin da zai isa kunnen jama'a bai bi ta yatsuna ba.

Ƙungiyar da na yi wa aiki tun daga tushe ita ce Amon Gangare. Jagoranta Kabiru, ɗan wani tela ne a garin nan, tare muka yi firamare. Kawunsa tsohon soja ya mutu ya bar masa kwali cike da kaset na mawaƙan baƙaƙen Amurka, irin waƙar da suke kira sol, wadda ake jan murya daga ƙirji a hankali kamar mai shirin kuka. Kabiru ya haddace salon, ya zuba masa Hausa, ya haɗa da jita da fiyano da kalangu, ya ɗora ɗan kiɗan zamani mai motsa ƙafa a ƙarƙashi. Da farko ba su sha da daɗi ba. A wani biki a Yola ta nan Ƙaraye, wata gwaggon amarya ta aiko a tambaya ko mawaƙin ciwon haƙori yake yi, a kawo masa kanumfari. Haka suka yi shekara biyu, ana gayyatarsu ne kawai in an rasa wasu.

Sai Allah ya haɗa su da Baffa Ja'e. Bafulatani ne daga wata ruga a gefen Falgore ta Rogo, a lokacin ya doshi sittin, yana noma gero da gyaɗa, yana da 'yan shanunsa. Ya kawo rago kasuwa, yana jiran dillali a gindin bishiya, sai ya zaro sarewa daga aljihu yana busawa don ya rage zaman. Kabiru ya zo wucewa ya ji, ya kasa gaba. Da yamma ya kawo mini shi, tsoho yana ta dariya wai yaran birni sun rasa abin yi.

Na ɗauki masu busa da dama, amma ban ji irin tasa ba. Akwai wata 'yar karkarwa a ƙarshen kowane amo, kuma kafin ya busa yana jan numfashi ta gefen baki, ka ji wani ɗan siririn sauti kamar an yaga ƙyalle. Duk wanda ya ji sau ɗaya zai gane shi ko a cikin mutum ɗari. Waƙar farko da muka sa shi a ciki, masu cajin waya na bakin tasha suka riƙa tura wa mutane, kafin wata uku ta isa gidajen rediyon Kano. Daga nan sai Zariya, sai Kaduna, sai Abuja. Aka samo musu manaja, wani Mansur, mutum mai fara'a da waya uku, wanda bai taɓa ce wa kowa a'a a gaban idonsa ba. Kabiru da sauran suka koma Kano da zama, amma haɗa waƙa a nan suke yi, don sun ce hannuna ya san su. Baffa kuwa bai bar rugarsa ba. In ana buƙatarsa a aika ɗan acaɓa, ya zo ya busa, ya koma kafin shanu su dawo.

Matsalar ita ce hanya. Da damina rafin da ke tsakaninsu da titi yakan cika, sai mu yi kwana uku muna jiransa, Mansur yana ta buga waya. Wata rana da ya samu ya ƙetaro, bayan mun gama abin da ya kawo shi, na ce ya ɗan ƙara zama. Akwai abin da muke kira ɗaukar samfur: a sa makaɗi ya fitar da amo ɗaya tak, ya riƙe shi, a ɗauka, sannan na gaba, tun daga na ƙasa har na ƙoli. A ɗauki kowanne da ƙarfi, a ɗauka a hankali, a ɗauka da karkarwa. Bayan nan a raba su a kan maɓallan fiyano. Daga ranar, duk wanda ya danna maɓalli, wannan amon zai fito, kuma zai iya jera waƙar da makaɗin bai taɓa yi ba.

Mun yi kusan awa biyu. Baffa ya gaji, ya ce, "Sabi'u, wannan ai ba busa ba ce, ƙidaya ce. Me za ka yi da ita?"

Na ce, "Gwajin na'ura ne kawai, Baffa."

Ya ce, "To Allah ya ba na'ura lafiya."

Har jan numfashin nan na gefen baki na yanke daban, na ba shi maɓallinsa. A lokacin ina ganin dabara na yi, kuma ban ɗauki abin da na gaya masa a matsayin ƙarya ba. Na ɗauka bayanin zai yi wa tsoho tsawo ne kawai.

Shekara ta zagayo, Baffa ya kwanta ciwon ƙirji, ya yi wata guda a asibiti har aka fara fitar da rai. A kan gadon nan ya yi bakance, wato ya yi wa Allah alkawari, cewa in ya tashi ya bar sarewa har abada. Ya tashi. Ranar da ya fara fita masallacin rugarsu, bayan an sallame, ya miƙe a gaban jama'a ya faɗi bakancensa, ya karya sarewar gida biyu a gwiwarsa. Ladaninsu ya tsufa ƙwarai, sai liman ya ce tunda Allah ya bar wa Ja'e numfashinsa, ya riƙa kiran salla da shi. Da muka je duba shi, Kabiru ya yi ta kuka a bayan ɗaki. Baffa ya dafa shi ya ce ya yi haƙuri, kowa da inda tafiyarsa take tsayawa.

A mota muna dawowa, Mansur ya juyo ya ce, "Injiniya, an ce akwai wani abu da ka ajiye."

Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma kaina ya kumbura, na ce ko matar Baffa ba za ta bambance ba. Kuma haka aka yi. Waƙa uku muka fitar a wannan shekarar da sarewar da ni na danna da yatsuna, kuma a cikinsu har da wadda ta fi kowacce tashe a tarihin ƙungiyar. A bidiyonta Mansur ya sa aka nuno wani mutum daga baya, da malafa da sanda a kafaɗa, yana busa a bakin ruwa. Da aka tambayi Kabiru a rediyo ina tsohon nan mai sarewa, ya ce yana nan tare da su, taron jama'a ne dai ba ya so. Ina zaune a nan na ji shi, na ce a raina ai maganar talla ce, ba ta cutar da kowa.

Ba mu yi tunanin cewa a rugar ma akwai waya ba.

Wannan ya dawo da mu ranar Larabar nan. Na fito, na durƙusa na gaishe shi, muka yi ta gajiya da ta iyali da ta shanu da ta ruwan sama, duk ya amsa yadda ya kamata. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na kawo masa kujera ya ce tabarma ta isa. Da ya zauna sai ya yi magana.

"Sabi'u, an hana ni kiran salla."

Na ce, "Subhanallahi. Me ya faru, Baffa?"

"Sun ce ina satar jiki ina zuwa nan. Sun kunna mini a waya. Na ce tsohuwar waƙa ce, suka ce sabuwa ce, kuma gaskiyarsu, ban san ta ba. Amma ni ne. Na saurara sau uku, ni ne. Har inda nake jan iska." Ya ɗago ya dube ni. "Na rantse musu, liman ya ce in daina, kada in haɗa laifi biyu. Yanzu in na shiga sahu, na kusa da ni sai ya matsa. Rannan an yi rigima kan burtali, gonar wani ta ci hanyar shanu, ni na san iyakar tun ina yaro, aka ce ba a karɓar shaidata. Ɗana na cikina ya tambaye ni, wai Baffa in kana zuwa ka faɗa mana kawai. Ni dai ban sani ba ko aljani ne yake busawa da bakina. Kai ne mai ilimin abin. Ka gaya mini."

Na gaya masa yadda aka yi, tun daga ranar ƙidaya. Bai yi faɗa ba, ko muryarsa bai ɗaga ba. Ajiyar zuciya ya yi ya ce alhamdu lillahi, ashe ba taɓuwa ya yi ba. Sannan ya ce abu ɗaya yake roƙo, in zo in faɗa a gaban liman da jama'a, don shi in ya faɗa ba mai yarda. Na ce in sha Allahu cikin satin nan.

Yana tafiya na kira Mansur. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi ta salati, ya ce abin bai yi daɗi ba ko kaɗan. Sannan ya ce, "Amma Injiniya, ka san an gayyace mu wasa a ƙasar waje, kuma abin da ya ja hankalinsu shi ne tsohon makiyayi mai sarewa. In maganar nan ta fita yanzu, ka kashe yaran nan. Ka bari mu je mu dawo, ni da kaina zan kai ka, har da goro." Na kira Kabiru, ina tsammanin shi zai bambanta. Sai ya ce, "Sabi'u, shekara nawa muna jiran wannan? Sati shida ne fa."

Na jira. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, fiye da ɗaukar samfurin ma. Kowace Juma'a in ce sai ta sama. Sati shida ya wuce, tafiyar aka ɗaga, Mansur ya ce a ƙara haƙuri. A sati na tara na haɗu da ɗan acaɓan da yake ɗauko mana Baffa a da. Na tambaye shi, ya ce tsohon ya daina zuwa masallaci gaba ɗaya, a bayan garke yake sallarsa shi kaɗai, kuma kullum da yamma yakan fito bakin hanya ya tsaya, wai yana jiran wani baƙo daga Ƙaraye.

Washegari na ɗaure fiyano da kwamfuta da ƙaramar lasifika da batir a bayan babur ɗinsa, ban gaya wa kowa ba. Rafin ya kai mu gwiwa, kayan a ka muka ƙetarar da su. Muka isa ana shirin la'asar. Bayan salla na gabatar da kaina ga liman, na roƙe shi ya tsayar da jama'a. Ya ce ba dai a ƙofar masallaci ba, aka koma gindin wata tsamiya can gefe. Aka aika aka kira Baffa, ya zo ya zauna a ƙarshen tabarma, hannuwansa a kan gwiwa inda kowa yake gani.

Na yi bayani, na ga ba ya shiga. Sai na ce liman ya zaɓi duk wanda ya ga dama ya zo ya danna. Wani dattijo da aka ce shi ya fi kowa zafi a maganar ya matso, ya sa yatsa ɗaya kamar mai taɓa garwashi. Sarewar Baffa ta fito, da karkarwarta. Dattijon ya ja da baya yana salati. Na buga musu waƙar da suka ji a waya daga farko har ƙarshe, Baffa yana zaune bakinsa a rufe.

Liman ya cire hularsa ya mayar. Ya taso ya durƙusa a gaban Baffa, ya ce, "Ja'e, mun zalunce ka. Ka yafe mana don Allah." Aka bi layi ana ba shi hannu. Ɗansa ya kasa zuwa, ya juya baya yana share fuska da hannun riga. Ni kuwa har na fara jin nauyi ya sauka daga kaina, ina ganin na gyara abin da na ɓata.

Baffa bai yi murna ba. Ya taso ya zo gaban fiyanon, ya ce in nuna masa na numfashin. Na danna, siririn sautin nan ya fito. Ya ce in sake. Na sake. Sai ya juya wajen liman.

"Malam, na yi wa Allah alkawari na bar busa. Ga shi ana busawa da iskar ƙirjina, ana rawa. Alkawarina yana nan ko ya karye?"

Liman ya ce Allah niyya yake dubawa, kuma abin da aka yi ba da saninsa ba babu laifinsa a ciki. Baffa ya gyaɗa kai, amma na ga maganar ba ta kwanta masa ba. Ya ce, "Na ji, Malam. Amma da ban sani ba, yanzu na sani." Ya dubo ni. "Ɗana, waɗanda suka fita sun fita, Allah ya yafe mana. Amma ka cire ni daga cikin akwatin nan, kada a ƙara sabuwa."

Na buɗe kwamfutar a gabansa, na goge. Na danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, babu abin da ya fito. Ya sa nasa yatsan ya danna, shiru.

Ya ce, "Ya fita duka?"

Ga abin da ban gaya masa ba. A lokacin da kaina yake kumbure, abokan sana'a daga Kano sun yi ta roƙona sarewar nan, na tura wa mutum uku ko huɗu a filashi don su san Ƙaraye ma akwai injiniya. Na kuma san halinmu, abin da ya shiga hannun mutum huɗu ya shiga hannun kowa. Jama'a sun kewaye mu, yanzu aka wanke shi, fuskarsa ta fara sakewa karo na farko. Na kasa.

Na ce, "Ya fita, Baffa."

Ya sa mini albarka har sai da na ji kunya ta kama ni. Da magariba shi ya kira salla, muryar tana rawa amma ta kai.

Wani a cikin taron ya ɗauki abin a waya, ya bazu. Mansur ya kira ni, karo na farko da na ji shi ba fara'a, ya ce sun gode da zaman tare, wato sun sallame ni. Amma kun san abin takaici? Maganar kwana biyu ta yi a bakin mutane, aka wuce. Ba wanda ya fasa gayyatarsu. Sun je ƙasar wajen sun dawo, yau sun fi da girma, Allah ya ƙara musu. Sirrin da aka bar tsoho sati tara a bayan garke dominsa, ashe ba wanda ya damu da shi.

Bayan an gama girbi, ɗan acaɓan ya zo ya ce Baffa yana son ganina. Na same shi a ƙofar ɗakinsa yana gyaran igiya. Bayan gaisuwa ya ce ya je kasuwar Rogo, wata mota mai lasifika ta shigo tana tallan maganin basir, kuma sarewarsa ce a ƙarƙashin tallan, da wani sabon salo da yara suke ta tsalle a kai. Ba wanda ya zarge shi wannan karon, har wasu suka yi masa dariyar tausayi. Ya bar abin da ya je saya ya dawo gida.

"Ka ce mini ya fita."

Na gaya masa gaskiyar da ya kamata in faɗa a gindin tsamiya.

Ya ce, "Akwati nawa ne?"

Na ce, "Wallahi ban sani ba, Baffa."

"Ba mai iya tattaro su?"

"Babu."

Ya ci gaba da murɗa igiyarsa. Can ya ce, ba da ni yake ba ma, "Ke nan ko an binne ni ina nan ina busa."

Bai sake zuwa kasuwa ba, kuma ya hana a kunna rediyo a gidansa. Kiran sallar ma daga baya ya mayar wa liman, ya ce a ba wanda bakinsa yake wuri ɗaya. Damina ta gaba ciwon ƙirjin ya dawo, Allah ya karɓi abinsa. Na je jana'iza, ɗansa ya karɓi gaisuwata da mutunci.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi. A sana'ar nan muna cewa mun ɗauki sauti, kamar wani abu ne da ya faɗi a ƙasa muka tsinta. Ba haka ba ne, daga jikin mutum muke cirowa, kuma in ya fita ba mu da ikon mayar masa. Shi ya sa duk wanda ya zauna gaban makirufona, ko sarki ne ko mai tallan rake, sai na gaya masa me zan ɗauka, me za a iya yi da shi, da kuma cewa in ya bar ɗakin nan ni ma ba zan iya kamo shi ba. In ya ce a'a, a kashe na'ura. Ku kira shi ɓata lokaci in kun so. Minti biyar ne, kuma su ne na hana wa Baffa Ja'e. Har gobe in na shiga mota aka kunna waƙa, nakan ji wannan ɗan jan numfashin kafin sarewa ta shigo, sai in ce direba ya sauke ni a nan, in jira wata.